Tokar Gidan Yaya Hanne

Bana ma ƙwarin nan sun dawo. Ruwa ya yi mana sauka mai kyau a farkon damina, kuɓewata ta fito tana sheƙi, rama ta kai gwiwa, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Ana cikin haka na shiga garkar bayan ɗakina da sassafe, na tarar ganyen kuɓewa duk ya huhhuje. Wasu 'yan ƙwari ne baƙaƙe masu tsalle kamar ƙuma, kana miƙa hannu su watse, kana juya baya su dawo. Na san su, sun san ni, mun daɗe muna fafatawa.

Autana Habibu ya kawo mini kwalbar maganin feshi daga kasuwa. Na gode masa, na ce ya kai gonarsa. Garkar bayan ɗaki ba gona ba ce. Ganyen da na tsinka da hantsi shi ne a tukunya da azahar, kajina a nan suke kiwo, jikokina kuwa ba sa neman izini kafin su kai abu baki. Ni toka nake so. To amma matarsa Maryama rabin girkinta da gas take yi, murhunmu ba ya tara abin kirki. Sai na bi maƙwabta ta kan katanga, na ce kowace ta riƙa ajiye mini abin da murhunta ya bari. Yau da safe ina zaune da rariya a cinya ina tankaɗe, sai wata damina ta dawo mini, wadda na yi a gidan nan ina goyon fari.

Daga garin Ƙofa aka kawo ni aure nan Badafi, kuma a daminata ta biyu ce abin ya faru. Ruwan shuka ya sauka da wuri, aka shuka, ya tsiro gwanin sha'awa, sannan ya ɗauke ɗif. Kullum hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta watsar da shi. Da rana ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Shuka ta naɗe ganye, ta bushe a tsaye. Da ruwa ya ɗan sake yayyafi, aka koma shuka ta biyu da hatsin da ya kamata a ci. Bayan wannan, in ka leƙa rumbunmu ka yi magana, muryarka ce kawai za ta dawo maka.

Maigidana ya ɗauki fartanya ya nufi wajen Doguwa ƙodago, don an ce can ruwa bai yanke ba. Gida ya rage daga ni, sai jaririna, sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna.

Inna gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta kafe a kan abu gara ka je ka ture kuka. Abu biyu ne ban taɓa ganin ta yi ba: ƙarya da zaman banza. Garkar nan tata ce tun tana amarya. Akwai kuɓewa, da rama, da yakuwa, da alayyafo, kabewa ta hau danga, sai 'yan kunyoyin masara ta wajen juji inda ƙasa ta fi ƙarfi. Duk tsawon farin nan da ruwan wanke-wanke da na alwala ta raya ta. Ko ruwan wankan jariri ba a zubarwa a tsakar gida, sai an kai gindin kabewa.

Ranar da maigidan ya tafi ta ja ni cikin garkar, ta tsaya tana nuna mini da baki.

"Amarya, kin ga wannan? In ganyen nan ya kai mu masara, masara za ta kai mu gero. In bai kai mu ba, to sai yadda Allah ya yi. Saboda haka daga yau ba mu da aikin da ya fi shi."

Kamar ƙwarin sun ji ta. Daji ya bushe, babu ɗanyen ganye sai namu, sai suka taru a kanmu kwansu da kwarkwatarsu. Masu tsalle suka kama kuɓewa da rama, fara ta kama masara, wasu 'yan mitsi-mitsi kuma suka manne a bayan ganyen kabewa har ya riƙa danƙo.

Ga yadda muke yi. Muna idar da sallar asuba sai garka, tun raɓa ba ta bushe ba, don sai da raɓa toka ke kama ganye. Ni ce mai tankaɗe, Inna ce mai barbaɗawa, sama da ƙasan ganye, tana yi tana zagin ƙwarin ɗaya bayan ɗaya kamar ta san iyayensu. Tokar kuma sai wadda ta kwana ta huce, mai ɗumi ƙona ganye take yi. A wannan sanyin fara ba ta iya tashi, sai mu bi mu tsince ta cikin ƙwarya. Da hantsi a soya ta da ɗan gishiri. Inna ta ce tunda cinmu ta zo yi, sai a ga wanda zai riga wani.

Da la'asar kuma sai darbejiya. In daka ganyenta da barkono har idanuna su yi jawur, a jiƙa ya kwana, a tace, a tsoma tsintsiya a bi ganye ana yayyafawa. Ɗacin nan ba ya fita a hannu ko an wanke da sabulun salo. Jaririna in ya kama yatsana ya kai baki sai ya ɓata fuska, ya dube ni kamar na ci amanarsa. Kaji kuwa ba a sakinsu ciki sai dab da magariba, a kora su gindin masara su tsince abin da ya faɗo, a fitar da su kafin su tuna da alayyafo.

Darbejiya ba ta ƙarewa a garinmu. Toka ce ta zama wuya. Gidan da ake hura wuta sau ɗaya a yini, tokar me zai tara? Dija, wata Bafulatana da ke kawo mana nono, ta ɗan riƙa zuwa da tokar wutar da suke hura wa shanu, a ƙulle a bakin zane. Ba a daɗe ba su ma suka tashi da garkensu suka bi ciyawa kudu. Shi ne Inna ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarmu.

"Hanne! Tokarki ta kwana, kar ki zubar. Ki riƙa miƙo wa yarinyar nan da safe."

"To, Inna. Wannan ai ba komai ba ne."

Yaya Hanne matar Malam Idi ce, danga ɗaya ta raba mu. Malam Idi kuwa manomi ne na ji da gani. A shekarun baya daga rumbunsa ake fitar da zakkar da gidaje da yawa ke jira, kuma mutum ne da ko goro ka ba shi sai ya nemi abin da zai mayar maka. A wannan daminar kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu, daidai lokacin shuka ta biyu, ya kwantar da shi a zaure. Amma ba wanda ya damu da gidansa. Kowa ya san rumbun Malam Idi, kuma kullum da yamma ana ganin hayaƙi na tashi daga madafarsu.

Kowace safiya Yaya Hanne za ta miƙo mini kasko ta kan danga, mu gaisa, ta tambayi yaro, ta yi mini tsiyar cewa na zama amaryar toka. Da farko tokarta irin ta kowa ce: fara, mai nauyi, in na tankaɗe sai gawayi ya rage a rariya, da 'yan dunƙule-dunƙulen inda tukunya ta tafaso ta zubo. Duk macen da ta taɓa kwashe murhu ta san wannan.

Sai tokar ta canja. Ta koma baƙa, shara-shara, ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta tashi. In na zuba a rariya sai ta wuce gaba ɗaya, babu gawayi, babu dunƙule. Ran farko ban kawo komai a raina ba. Da abin ya yi ta maimaituwa, wata safiya na miƙa wa Inna rariyar.

"Inna, dubi. Tokar gidan Yaya Hanne ba ta barin komai."

Ta ɗebi tokar ta murza a yatsu, ta kai hanci. Ta taka a hankali zuwa ƙarshen garka, inda ake hango bayan rumbun Malam Idi ta saman danga, ni ma na bi ta. Ta gaba, inda mai shiga gida zai gani, jinkar rumbun tana nan lafiya lau. Ta baya kuwa an zare ciyawar, har tsaikon ya fito fili kamar haƙarƙarin akuya.

Ba mai yaye rufin rumbun da ke da hatsi a tsakiyar damina. Kuma ciyawar jinka ba ta dafa tuwo, sai dai ta yi hayaƙi, ta bar 'yar toka.

Na tuna 'ya'yanta da na daina jin hayaniyarsu da rana. Na tuna yadda take dafa danga da hannu ɗaya in za ta miƙo kaskon. Wallahi kunya ce ta fara kama ni kafin tausayi, don da hannuna nake karɓa kullum ina cewa an gode.

"Mu muka matsa mata," in ji Inna a hankali. "In ta ce ba toka, ta ce ba wuta. In ta ce ba wuta, ta tona asirin mijinta."

"To mu aika musu da abinci mana, Inna."

Ta harare ni. "Ki aika wa Idi da kwano? Da rarrafe zai fito ya dawo miki da shi, kuma daga ranar ko gaisuwa ta ƙare. Ke dai yi shiru."

Ta tsaya tana kallon garkar. Na san lissafin da take yi, don ni ma shi nake yi. Ganyen da da ƙyar yake riƙe baki biyu, ga ƙwari na rabawa da mu, yaya zai yi da gida guda cike da yara? Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya ta ɗauki doguwar gorar da muke kaɗo darbejiya da ita, ta shiga madafarmu. Ina tsaye a ƙofa ta saita daidai saman murhu, ta caka, ta murɗa, ta sake cakawa. Ciyawa da baƙin hayaƙi suka zubo mata a ka. Ba ta tsaya ba sai da aka ga sama.

"Inna! Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ba na so in je in faɗi abin da ba haka ba ne."

Ta kakkaɓe kallabinta, ta je bakin danga.

"Hanne! Taimako na zo nema. Madafarmu ta ɓule, daidai kan murhu, ga hadari kullum yana haɗowa. Ɗana ba ya nan balle ya gyara. Ki ara mana murhunki mu riƙa ɗora tukunya."

Yaya Hanne ta matso jikin dangar, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, murhu ai naku ne. Sai dai itacena ya..."

"Da itacenmu za mu zo. Kuma ki ji, garkar nan ta fi ƙarfina ni da yarinyar nan. Ki shigo mana da hannu, ke da yaranki."

A garinmu ba a dafa abinci a murhun mutum a sauke a fice da tukunya. Sai an zuba wa masu gida nasu, kuma ba sadaka ba ce, hakkin murhu ne, ko hakimi ba ya mayar da shi. Inna ta san wannan, Yaya Hanne ta sani, Malam Idi ma da ke kwance a zaure ya sani. A ranar muka zare kara daga danga muka yi 'yar ƙofa. Na dafa faten tsaki mai ruwa-ruwa, rama ta fi tsakin yawa. Yaran ba su yi rububi ba, a hankali suka riƙa sha, kuma wannan ya fi komai taɓa mini zuciya.

Daga nan aiki ya koma sabo. Ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Mun yi murna, amma ga wata wahalar: duk tokar da muka barbaɗa da asuba, in aka yi ruwa da rana ta tafi, gobe sai a sake. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya fi wuta yawa. Tokar murhu ɗaya ce yanzu, muna kwashe ta kamar garin tuwo, a rufe a tukunya kar danshi ya taɓa. Alayyafo dai mun rasa shi, tsutsa ta cinye shi cikin 'yan kwanaki har kara. Bakuna sun ƙaru, ganye ya ragu. In na sunkuya tsintar tsutsa na ɗago, sai duniya ta juya mini, in dafa kafaɗar Yaya Hanne, ita ma ta dafa tawa. Nonona ya ja baya, yaro ya yi ta tsotsa yana kuka. Sau ɗaya maigidana ya samu mai zuwa ya aiko da 'yar dawa, Inna ta riƙa auna ta da tafin hannu.

Sai wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, muka shiga muka tarar tsutsar ta koma masara. Ta shige can cikin zuciyarta, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, ta bar kashinta kamar dusa a baki. Ruwan darbejiya ba ya kai mata, hannu ba ya kai mata. Masarar nan ita muke ta haƙuri dominta. Ni dai na zauna a kan kunya na fashe da kuka, ba zan ɓoye ba.

"Tashi," in ji Inna. "Hawaye ba ya kashe tsutsa. Da yana kashewa da ni na riga ki."

Yaya Hanne ce ta buɗe zuciyar wata masara ta leƙa. Ta ce a garinsu, Ɗansoshiya, mahaifiyarta takan haɗa toka da yashi mai laushi, ta zuba ɗan kaɗan a cikin kowace. Yashin ne ke jan tokar ƙasa har inda tsutsar take, kuma ruwa ba ya saurin wanke ta.

"To me kike jira?" in ji Inna. "Yau ke ce uwar garka."

Yara suka kwaso yashi daga inda ruwa ya bi ya wuce. Muka bi masarar nan tushe-tushe, kowace a buɗe ta da yatsa a zuba mata. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a sake. Ran da toka ta gaza, Yaya Hanne ta dubi wajen rumbunsu, Inna ta ce in ta ƙara taɓa ciyawar nan sai sun ɓata. Muka bar kuɓewa ta ji da kanta, muka ba masara abin da ke akwai. Wasu sun mutu duk da haka. Amma mafi yawa sabon ganyensu ya fito lafiyayye, babu huji. Ran da na ga tuta ta fara fitowa, sannan goyo, sannan gemu ya fara baƙi, na riƙa zagaya su ina taɓawa kamar mai duba jarirai.

A murhun Yaya Hanne aka gasa ta farko. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara a damina sai in ga fuskokin yaran nan, baki duk baƙi, suna dariya. Inna ta ci rabin guda, ta ce haƙoranta ba sa so, ta miƙa mini sauran. Ana gamawa ta sa aka kwashe tokar, ta ce kuɓewa na bin mu bashin haƙuri. Masarar ta kai mu gero kamar yadda ta faɗa, mu duka, ba a rasa kowa ba.

Bayan kaka, da ƙafar Malam Idi ta warke, wata safiya sai ga shi yana ɗingishi da damin shuci, ciyawar jinka, a ka. Bai fara da rumbunsa ba. Ya yi sallama, ya jingina tsani a madafarmu, ya hau. Ya daɗe yana duba ɓular nan, yana juya ciyawar da hannu.

"Inna," ya ce daga sama, "iskar da ta yi wannan ɓarnar, daga cikin ɗaki ta taso."

"Kai dai gyara ka zo yi, ba bincike ba."

Ya gyara. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe bai ɗago kai ba. Daga wannan ranar har Allah ya karɓi ransu, ban ƙara jin maganar a bakin ɗayansu ba. 'Yar ƙofar danga kuwa ba a toshe ta ba sai da aka zo ginin bulo.

Yanzu duk sun tafi, ni ce Innar gidan. Dangogi sun zama katanga, ba ka ganin rumbun kowa, hayaƙi ma ba ya gaya maka komai tunda wasu da gas suke dafawa. Sai dai rariya tana nan yadda na san ta.

Robobi uku aka miƙo mini yau. Biyu sun bar gawayi. Ta ukun daga gidan Rabi ce, yarinyar da ke bayan katangarmu da 'ya'yanta ƙanana, wadda mijinta ya tafi neman aiki tun kafin azumi. Da itace take girki, kuma da na fara karɓa tokarta fara ce mai nauyi. Ta yau baƙa ce, shara-shara. Na zuba ta wuce gaba ɗaya. Na kai hanci, na ji warin kwali da tsohuwar tabarma. Ta jiya ma haka take, na ce ko idona ne.

Na ajiye rariyar, na shiga madafarmu na ɗaga kai. Rufin kwano ne, gora ba za ta yi masa komai ba. Amma daidai saman murhu akwai wani falle da tsatsa ta ci, wanda na daɗe ina yi wa Habibu mitar ya canja. Na je gindin turmi na ɗauko taɓarya.

Maryama ta fito daga ɗaki tana gyara goyo.

"Inna, me za a daka da sassafen nan? Kawo in yi miki."

"Ba daka ba ne. Janye tukunyar gas ɗinki ki kai ɗaki, ki kwashe kwanukan nan."

"Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau," na ce, ina gwada nauyin taɓaryar a hannu. "Madafar nan ce za ta fara yoyo."